Tambayoyi da Amsoshi Kan Tallafi Daidai da Mutum ga Masu Galahanga da Masu Raunin Fahimta

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyaye, 'yan'uwa, malaman makaranta da ma'aikatan lafiya suka fi yi idan magana ta zo kan yadda za a tallafa wa mai galahanga ko mai raunin fahimta, yaro ne ko babba. An rubuta amsoshin ne domin wanda ke riƙe da irin wannan mutum a gida, kuma ba za su maye gurbin ganin likita ba.

Mene ne ake nufi da tallafi daidai da mutum?

Hanya ce ta taimako wadda ke farawa da tambayar wane ne wannan mutum, me yake so, me ya iya, me ke tayar masa da hankali, kafin a zo kan tambayar wace lalura ce da shi. A yadda aka saba, uba ko likita ko malami ne ke duba abin da ke akwai, wato makaranta kaza ko magani kaza ko ɗakin nan na bayan gida, sannan a cusa mutumin a ciki, ko ya dace da shi ko bai dace ba. A wannan tsari kuwa mutumin ake fara aunawa, kamar yadda tela ke auna mai riga kafin ya sa almakashi a yadi, sannan a nemo taimakon da zai zauna masa daidai. Yara biyu na iya ɗaukar suna ɗaya a takardar asibiti, amma ɗaya yana son cunkoson kasuwa, ɗaya kuma ƙarar injin markaɗe kaɗai ta isa ta hana shi cin abinci yini guda, saboda haka sunan lalurar bai isa ya faɗa wa kowa yadda za a zauna da su ba.

Galahanga da raunin fahimta abu ɗaya ne? Kuma taɓin hankali ne?

Abubuwa uku ne daban, ko da yake a bakin jama'a sukan cakuɗe. Kalmar galahanga kanta ana yawan amfani da ita ga yara masu lalurori iri-iri, amma a nan muna nufin abin da likitoci ke kira otizim, wato bambanci a yadda ƙwaƙwalwa ke girma wanda ke shafar mu'amala da mutane, magana, da yadda mutum ke jin ƙara, haske, wari ko taɓawa, tare da son maimaita abu ɗaya da ƙin canjin abin da aka saba. Likita Leo Kanner ya bayyana shi a rubuce a Amurka a 1943, bayan ya lura da yara 11. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da shi, kuma an fi gano shi a maza fiye da mata.

Raunin fahimta kuwa shi ne wahalar koyo da tunani da kuma wahalar gudanar da harkokin yau da kullum, kamar ƙirgar kuɗi, tsabtar jiki da gane haɗari, wadda ta fara tun mutum bai balaga ba. Akwai mai galahanga da ke da raunin fahimta, akwai kuma wanda ya gama jami'a yana aiki. Taɓin hankali ciwo ne da kan zo wa mutum bayan ya girma da lafiyarsa, ya canza masa tunani da hali, kuma sau da yawa magani kan saukar da shi. Mai galahanga na iya kamuwa da ciwon damuwa kamar kowa, amma galahangar kanta ba hauka ba ce.

Me ke kawo su? Gaskiya ne allurar riga-kafi na da hannu?

A galahanga gado ne ya fi rinjaye, ta hanyar ƙwayoyin halitta masu yawa, kuma ba rashin tarbiyya ko rashin ƙaunar uwa ke kawo ta ba. Maganar riga-kafi ta samo asali ne daga wani rahoto da wani likita ɗan Birtaniya, Andrew Wakefield, ya wallafa a mujallar likitoci ta Lancet a 1998, wanda mujallar ta janye a 2010, aka kuma soke lasisin aikinsa a Birtaniya a shekarar. Manyan binciken da aka yi kan dubban ɗaruruwan yara bayan haka ba su sami alaƙa tsakanin riga-kafin ƙyanda da galahanga ba.

Raunin fahimta yana da dalilai da yawa, kuma abin takaicin shi ne da yawa daga cikin waɗanda suka fi addabar ƙasarmu ana iya kauce musu: doguwar naƙuda da ke hana jariri numfashi, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, tamowa, da ƙarancin sinadarin aidin a abincin mai ciki, wanda shi ne kuma ke kawo maƙoƙo. A 2010 gubar dalma daga dakan duwatsun zinare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara ta kashe yara aƙalla 400, kuma cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa har abada. Akwai kuma dalilan halitta, kamar lalurar Down, inda ake haihuwar yaro da ƙarin ƙwayar gado ta 21.

Sai maganar cewa yaron ɗan ruwa ne, ko aljanu sun yi musayarsa. Addu'a da roƙon Allah hakkin kowane iyaye ne, babu mai hana su. Inda ɓarnar take shi ne lokacin da wannan magana ta sa aka daina kallon yaro a matsayin ɗan gida, aka yi ta yi masa hayaƙi da duka da sunan fitar da abin da ke jikinsa, alhali shekarun da ya fi saurin koyon magana da mu'amala suna wucewa.

Daga ina wannan tsari ya fito?

Ya fito ne daga nadama. A yawancin ƙarni na 20 ƙasashen Turai da Amurka suna tara masu raunin fahimta a manyan gidaje masu ɗaukar ɗaruruwa ko dubbai, inda kowa ke tashi lokaci ɗaya, ya ci abu ɗaya, ya sa tufafi iri ɗaya. A Denmak, Niels Erik Bank-Mikkelsen ya sa aka shigar da manufar cewa su yi rayuwa kusa da ta kowa a dokar 1959, Bengt Nirje na Suwidin ya faɗaɗa tunanin a 1969, Wolf Wolfensberger kuma ya yaɗa shi a Arewacin Amurka. A 1972 gidan talabijin ya nuna wa Amurkawa halin da yara ke ciki a makarantar Willowbrook ta jihar New York, tsirara cikin ƙazanta, kuma sai a 1987 aka rufe ta gaba ɗaya.

Da aka fara fito da mutane daga waɗannan gidaje, sai aka ga ba a san su ba, domin fayil ɗin kowannensu cike yake da abin da bai iya ba, babu layi ɗaya kan abin da yake so. A nan ne mutane irin su John O'Brien, Beth Mount, Michael Smull, Marsha Forest da Jack Pearpoint suka ƙirƙiro hanyoyin zama da mutum da danginsa a tsara rayuwarsa tare da shi. Gwamnatin Ingila ta mayar da wannan manufarta a hukumance a 2001.

Wannan ba al'adar Turawa ba ce? A gidajenmu ai manya ke yanke wa kowa hukunci.

Tambayar tana da nauyi, domin gaskiya ne an gina tsarin a ƙasashen da ake ɗaukar zaman mutum shi kaɗai a gidansa a matsayin cikar girma, mu kuwa ba haka muke auna girma ba. Sai dai idan aka duba da kyau, abin da ma'aikatan can ke wahalar haɗawa, wato da'irar mutanen da suka damu da mutum, mu muna da shi tun fil azal: kaka, goggo, kawu, yayye, maƙwabta, liman, mai shagon bakin layi. Abin da ya rage mana shi ne yadda ake amfani da wannan da'ira. Sau da yawa dangi kan zauna su yi shawara a kan mutum yana tsakar gida yana jinsu, ba wanda ya juyo ya tambaye shi, alhali ɗan'uwansa mai lafiya ko ba a bi ra'ayinsa ba, aƙalla ana jin ta bakinsa.

Ga Musulmi ma akwai abin koyi tun kafin duk waɗannan sunaye. Imamu Muslim ya ruwaito daga Anas cewa wata mace da ke da rauni a hankalinta ta gaya wa Annabi (SAW) tana da buƙata a wurinsa, sai ya kira ta da alkunya, ya ce ta zaɓi hanyar da take so su tsaya, ya kuma tsaya da ita har ta gama faɗin buƙatarta. Ita ta zaɓi wurin, ita ta yi magana, kuma an kira ta da sunan girmamawa.

Wannan batu na suna ba ƙarami ba ne. Mutum mai shekara 30 da har yanzu ake ce wa "yaron nan", ko 'yan unguwa ke kira dolo ko gaɓo, ya riga ya ji matsayin da aka ajiye shi. Idan ƙannensa suna ce masa Yaya, 'ya'yan 'yan'uwansa suna ce masa Kawu ko Baffa, kuma uwa ta tsaya a kan haka a gaban baƙi, unguwa ma takan bi sahu.

Idan abin da yake so zai cutar da shi fa?

Nan ne ainihin aikin yake. Michael Smull ya raba abin gida biyu: akwai abin da ke da muhimmanci a wurin mutum, wato abin da ke faranta masa rai da sa shi natsuwa, akwai kuma abin da ke da muhimmanci dominsa, wato lafiyarsa da tsaronsa. Iyali mai tsoro yakan riƙe na biyun kaɗai, sai a sami mutum yana ci yana sha, ba ya ciwo, amma shekara goma bai taka ƙofar gida ba. Wanda ya riƙe na farkon kaɗai kuma ya yi sakaci da amana.

A ɗauki misalin saurayi mai shekara 19 da ba abin da yake so kamar zuwa tasha ya kalli motoci, amma bai iya tsallaka titi ba. Kulle shi a gida zai kare shi daga mota, ya kuma jawo fashe-fashe da tsallake katanga. Sakinsa shi kaɗai haɗari ne. Abin da ya dace shi ne a nemo hanya ta uku: ƙanensa ya raka shi bayan la'asar kwana uku a mako, a bi hanya ɗaya kullum har ya haddace ta, a gabatar da shi ga wani dattijo a tashar wanda zai riƙa sa ido, a sa masa kati a aljihu mai lambar wayar gida, sannan a riƙa koya masa tsallaka titi a wuri ɗaya sau da yawa. Wataƙila bayan shekara ya iya zuwa shi kaɗai, wataƙila kuma har abada sai da rakiya, amma ko ta wane hali tashar ta zauna a cikin rayuwarsa.

Akwai kuma abubuwan da ba haɗari ba ne, kunya ce kawai ke sa a hana. Yarinyar da ta nace sai atamfa ɗaya za ta sa, ko yaron da ke kaɗa hannuwa idan ya ji daɗi, ba su cutar da kowa ba. Kafin a hana abu, ya kamata a tambayi kai ko don shi ake hanawa, ko don abin da mutane za su ce.

Wanda ba ya magana, ta yaya za a san ra'ayinsa?

Rashin magana ba rashin ra'ayi ba ne, kuma uwar da ta yi shekaru da ɗanta ta riga ta san kukan yunwa daban da kukan ciwo. Abin da ake buƙata shi ne a fito da wannan sani daga kan mutum ɗaya, a kuma ba yaron hanyar nuna zaɓi. Ana farawa da abubuwa biyu na zahiri a hannu, misali kunu da shayi, a jira ya miƙa hannu ko ya kalli ɗaya, sannan a ba shi abin da ya zaɓa ko da an san ɗayan ya fi so, domin ta haka zai gane cewa nuninsa yana da tasiri. Daga nan a koma hotuna. Akwai tsarin musayar hoto da Andy Bondy da Lori Frost suka ƙirƙiro a Amurka a 1985, inda yaro ke miƙa hoton abin da yake so a ba shi, kuma ana iya yin irinsa a gida da hotunan da aka ɗauka da waya aka wanke: kofinsa, bayan gida, masallaci, gidan kaka. Bincike bai nuna cewa hotuna ko alamun hannu na hana magana fitowa ba.

Sai haƙurin jira. Mutane da yawa masu galahanga suna buƙatar daƙiƙoƙi kafin magana ta shiga su mayar da amsa, mu kuwa mukan maimaita tambayar sau uku da ƙarfi, sannan mu amsa musu da kanmu. A yi tambaya gajera, a yi shiru, a ƙirga goma a zuci. A kuma yi hattara da mai cewa "to" ga komai, domin da yawa sun koyi cewa amincewa ce ke kawo ƙarshen tambaya.

Yaya ake yin zaman tsarawa a aikace?

Ba ya buƙatar ofis. A tara mutum huɗu zuwa shida da suka san shi kuma yake sake jiki da su, a wurin da ya saba, a lokacin da ya fi natsuwa, shi ma yana wurin ko da zai riƙa shiga yana fita. A fara da abin da ake yabawa a halinsa, domin iyalai da yawa ba su taɓa faɗin wannan a gabansa ba. Sannan a bi yininsa daga asuba zuwa dare, a ga wace rana ce mai kyau a wurinsa, wace ce mara kyau, me ya bambanta su. A ƙarshe a ɗauki abu biyu ko uku kacal da za a canza, a faɗi wanda zai yi kowanne da ranar da za a sake zama, kamar bayan wata uku.

Abin da ya fito a rubuta shi a takarda ɗaya mai kashi uku: abin da mutane ke so game da shi, abin da ke da muhimmanci a wurinsa, da yadda za a taimaka masa. A rubuta dalla-dalla, kamar "ba ya son a taɓa masa kai, a gaya masa kafin a kunna janareta, idan ya toshe kunnuwa a fita da shi waje". Wannan takarda ita za a miƙa wa sabon malami, ko nas idan an kwantar da shi a asibiti, ko goggon da zai yi mako a gidanta.

Yana duka, yana cizo, yana fasa kaya. Ba dole a ɗaure shi ba?

Duk wanda ya taɓa riƙe saurayi mai ƙarfi da ya birkice ya san wannan ba tambayar wasa ba ce, kuma ba a zargin uwar da ta rasa yadda za ta yi. Amma irin wannan hali kusan kullum yana da dalili, kuma abu na farko da za a bincika shi ne ciwo. Wanda ba zai iya cewa haƙorinsa ko kunnensa na ciwo ba, ko bayan gida ya ƙi fita kwana biyar, zai faɗa da jikinsa. Farfaɗiya ma ta fi yawa a masu galahanga da masu raunin fahimta fiye da sauran jama'a, kuma ba kowace ke zuwa da faɗuwa da kumfar baki ba. Bayan ciwo sai abin da ke damun ji da gani: lasifikar gidan biki, sabuwar shadda mai kaushi ranar salla, injin aski, cunkoson motar haya. Sai kuma canjin da ba a sanar da shi ba.

Hanya mai amfani ita ce a sami littafi a yi mako biyu ana rubuta abu uku duk lokacin da ya birkice: me ya faru kafin nan, me ya yi, me aka yi masa bayan nan. Sau da yawa sai a ga abin yana zuwa a lokaci ɗaya ko bayan abu ɗaya, kuma gyara wannan abin ya fi sauƙi a kan kokawa da shi. A lokacin birkicewar kuwa, a rage magana, a janye yara da abin da zai ji wa wani rauni, a ba shi fili.

Mari da sarƙa ba sa koya wa mutum komai sai tsoro, suna kuma barin gyambo da shanyewar ƙafa. Samamen da 'yan sanda suka kai a 2019 a gidajen mari a Kaduna da Katsina da wasu garuruwa, inda aka fito da ɗaruruwan mutane, ya nuna abin da ke faruwa idan aka miƙa mutum inda ba mai leƙawa. Wannan ba matsalar talaka kaɗai ba ce: a 2011 BBC ta fallasa cin zarafin masu raunin fahimta a wani asibiti mai zaman kansa kusa da Bristol a Ingila, inda ake biyan kuɗi masu yawa a kan kowane majinyaci.

Akwai maganin da ke warkar da galahanga?

Babu, kuma duk mai sayar da irin wannan magani a kasuwa ko a intanet kuɗi yake nema. Akwai magungunan da likitan ƙwaƙwalwa kan bayar don rage tsananin fushi ko cutar da kai, kamar risperidone, da na farfaɗiya da na rashin barci. Suna da illa, musamman ƙiba da kasala, saboda haka a tambayi likita me ake son maganin ya gyara, yaushe za a duba ko ya yi aiki, yaushe kuma za a gwada rage shi. Maganin da aikinsa kawai ya kwantar da mutum ya yi ta barci don gida ya huta, wani marin ne.

Makarantar kowa da kowa ta fi, ko ta musamman?

Ya danganta da yaron da kuma makarantar. A ajin gwamnati mai yara fiye da ɗari, yaro mai galahanga na iya yin shekara a bayan aji ba wanda ya san sunansa, amma ƙaramar makarantar unguwa da malama mai haƙuri takan fi babbar makaranta mai tsada amfani. A duba ko za a yarda ya fara da awa biyu, ya zauna kusa da ƙofa, kuma ba za a doke shi kan abin da bai iya ba. A Islamiyya wasu daga cikinsu kan ba da mamaki wajen hadda, saboda karatun yana da tsari da maimaici. Tura irin wannan yaro almajirci wani gari kuwa, inda zai nemi abincinsa da kansa cikin mutanen da ba su san shi ba, jefa shi cikin haɗari ne.

Zai iya yin sana'a, ya riƙe kuɗinsa?

Da yawa za su iya, idan aka fara daga abin da suke so. Mai son jera abubuwa zai iya jera kaya a shago, mai son dabbobi zai iya kiwo, akwai masu wankin mota, masu guga, masu saƙa da masu ƙulla kayan miya. A raba aikin ƙanana-ƙanana, a koya mataki ɗaya sai ya zauna, a kuma tabbatar ana biyansa, domin an sha mayar da irinsu 'yan aike na unguwa kyauta. Kuɗin da ya samu nasa ne, ko da wani ke ajiye masa, kuma ya kamata a bar masa wani abu a hannu ya saya abin da ransa ke so. Fita da shi bara kuwa, dokar Najeriya ta hana.

Aure fa?

Aure ba magani ba ne, kuma ba hanyar sauke nauyi ba ce. Akwai masu galahanga da masu ƙaramin raunin fahimta da suka yi aure suka riƙe gidajensu da taimakon dangi, kuma hana su don sunan lalura kawai zalunci ne. Abin dubawa shi ne ko mutumin ya fahimci mene ne aure, yana so, kuma wanda zai aura ya san gaskiyar halinsa ba tare da an ɓoye masa komai ba. Aurar da yarinyar da ba ta san abin da ake ciki ba ga wanda zai riƙe ta "don Allah" yakan ƙare da wahalarta. Tun kafin maganar aure ma, a koya wa yara maza da mata sunayen sassan jikinsu, wanda ya halatta ya taimaka musu a banɗaki, da cewa suna da ikon ƙin taɓawa, domin masu lalata sun fi neman wanda ba zai iya ba da labari ba.

Me doka ta tanada?

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu buƙata ta musamman a Disambar 2006. Nijar ta tabbatar da ita a 2008, Najeriya a 2010, Ghana a 2012. Sashe na 12 ya ce a taimaka wa mutum ya yanke shawararsa maimakon a yanke masa, na 19 kuma ya ba shi haƙƙin zama cikin al'umma. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, naira miliyan ɗaya ga kamfani, da ilimi kyauta har sakandare, aka kuma kafa hukumar ƙasa ta masu buƙata ta musamman a 2020. Aiwatarwa na tafiyar hawainiya, amma uban da ya san dokar ya fi ƙarfin magana a ofishin shugaban makaranta.

Ina za a fara neman taimako?

A fara da likitan yara a babban asibiti mafi kusa, a nemi a gwada jin yaron, domin kurumta kan yi kama da galahanga. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri, su ne wuraren da aka fi tura irin waɗannan yara a Arewa. Yaron da ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa, ba ya juyowa idan an kira sunansa, ko ya daina kalmomin da ya fara, bai kamata a jira da shi ana cewa nauyin baki ne na gado ba.

Idan na mutu, wa zai riƙe shi?

Wannan ita ce tambayar da ke hana iyaye barci, kuma an fi barinta a zuci har lokaci ya ƙure. Kuskuren da aka fi yi shi ne uwa ta zama ita kaɗai ta san komai nasa, ta yadda ranar da ta kwanta ciwo, shi ya rasa uwa ya kuma rasa mai fassara shi ga duniya. Tun tana da ƙarfi ya kamata ya saba kwana a gidan wanda ake sa ran zai riƙe shi, da farko dare ɗaya, daga baya mako, kuma a tambayi wannan ɗan'uwa da matarsa ko mijinta a fili, kada a ɗora musu a ranar rabon gado. Shi ma a lura da wurin wanda ya fi sakin jiki, domin ba lallai babban wa ne ya fi dacewa ba. Wannan sabo yana kuma ba uwar hutun da take buƙata tun yanzu.

Ta fuskar dukiya, raunin fahimta ba ya rage wa mutum rabonsa na gado a Musulunci, kuma aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da a kula da dukiyar wanda ba zai iya juya ta ba, a ciyar da shi a tufatar da shi daga cikinta, a kuma yi masa magana mai daɗi. Tunda ba a yi wa magaji wasiyyar dukiya, iyayen da ke son ware masa wani abu sukan bi ta kyauta tun suna raye ko ta waƙafi, kuma ya kamata a zauna da malami masanin gado da lauya a rubuta komai da shaidu. A ambaci wanda zai kula da dukiyar, a kuma ambaci mutum na biyu da zai riƙa duba lissafin duk shekara. A haɗa takardun da katin asibitinsa, sunayen magungunansa da takardar nan guda mai bayanin abin da yake so da abin da ba ya so, a ba mutum biyu kwafi, a kuma sake duba ta duk bayan babbar salla, lokacin da dangi ke haɗuwa.